Yaranmu sun karanta likitanci a waje, wace doka za mu nema musu?

Wani Alhaji daga Tudun Wadan Zariya ne ya aiko da tambayar. Ɗansa ya karanta likitanci a Sudan, ya kammala dab da ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Ya dawo gida ya zauna jarrabawar hukumar likitoci bai ci ba, ya sake zama ya ci, yanzu kuma wata na bin wata yana jiran gurbin horon shekara ɗaya. Ɗan ƙanensa kuwa a Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi karatu, ya yi aiki shekara takwas, ya bi matarsa Amurka, can ko farasitamol ba shi da ikon rubuta wa kowa. Iyaye sun haɗu za su rubuta wa majalisa a soke jarrabawar, sai ya ce in gaya masa gaskiya: me ya kamata su nema, kuma wa za su nufa?

Alhaji, Allah ya sa wa yaran albarka, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da ka yi. Na san abin da ake kashewa kafin yaro ya fito likita daga wata ƙasa. Na ga wanda ya sayar da gonarsa ta hanyar Giwa, na ga uwar da ta sayar da gwal ɗinta na aure. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kada maganar soke jarrabawa ta shiga takardarku. Da zarar ɗan kwamitin lafiya ya kai kan wannan layin zai ajiye takardar, likitocin da ya kamata su tsaya muku kuma su ne za su fara juya baya. Har da ni.

Ƙofa biyu ce a gaban duk likitan da ya tsallaka iyaka, mutane kuma kan ɗauka ɗaya ce. Akwai ta shige da fice, wato biza da izinin zama da na aiki. Akwai kuma ta lasisi, wato izinin taɓa marar lafiya. Masu riƙe da mabuɗan daban suke. Ɗan ƙanenka ya wuce ta farko ta hanyar aure, ta biyu ce ta tsare shi. Ɗanka ɗan ƙasa ne, ba ruwansa da ta farko, ya ma buɗe rabin ta biyu. Akwai kuma mutum na uku da ba ka ambata ba, likitan Sudan ɗin da ya koyar da ɗanka, wanda yaƙi ya raba da gidansa. Shi in ya zo nan duka biyun zai tarar a rufe. Zan dawo kansa.

Bari in ɗan daɗe a kan Amurka, don a can aka fi tafka wannan muhawara, kuma akwai abin ɗauka. Kusan likita ɗaya cikin huɗu da ke aiki a Amurka a wata ƙasa ya yi karatu. Duk da haka hanyar shiga ƙunci gare ta. Sai hukumar ECFMG, wadda aka kafa a 1956, ta tantance takardunka. Sai ka ci jarrabawar lasisin likita ta USMLE hawa-hawa. Ka gama wannan duka, sai a ce ka sake horon ƙwarewa daga tushe, shekara uku zuwa bakwai gwargwadon fanni, ko da kai ne kake horar da wasu a ƙasarku. Guraben horon kuma ƙididdigaggu ne, tun da a 1997 majalisarsu ta ƙayyade adadin da gwamnatin tarayya ke biya wa kuɗi. Kowane watan Maris ake raba guraben, dubbai su tashi a tutar babu. Wanda ya daɗe da gama makaranta shi ya fi shan wahala, don asibitoci da yawa sun fi son sabon fitowa. Shekara takwas ɗin da ɗan ƙanenka ya yi yana aiki, wadda a nan abin alfahari ce, a can tana iya zame masa cikas.

Na taɓa ziyartar wani tsohon ɗalibina a can. Yaron da na sani yana shiga tiyatar haihuwa da tsakar dare, wuta ta ɗauke, nas ta riƙe masa tocilan, ya fito da uwa da ɗa lafiya. Na tarar da shi sanye da riga mai ruwan toka, yana tura ƙaramin keken kwalabe ɗaki-ɗaki yana ɗibar jini. Aikinsa ke nan. Da muka zauna cin abinci ya ce mini, "Malam, jiya na ga wata tsohuwa, da ido na san ciwon zuciya ne ke taso mata. Ba ni da bakin faɗa, sai na je na ce wa nas tsohuwar ba ta yi mini kyau ba." Littafin jarrabawa na cikin jakarsa, gefensa duk ya yi baƙi don buɗawa. Ban sami abin ce masa ba sai Allah ya kawo mafita.

Masu fafutuka a can ba soke USMLE suka nema ba. Wuri biyu suka matsa. Na farko biza. Yawancin baƙin likitoci da bizar J-1 suke shiga horo, sharaɗinta kuma in ka gama ka koma ƙasarku shekara biyu. A 1994 Sanata Kent Conrad na jihar Dakota ta Arewa, jihar manoma ce mai ƙarancin likitoci, ya kawo dokar da ta ba kowace jiha damar ɗage wa likitoci 20 wannan sharaɗi a shekara, aka mai da su 30 a 2002. Ladan ɗagewar shi ne likitan ya yi shekara uku a yankin da ba likita. Ka ga ba alfarma aka roƙa ba, ciniki aka yi, ƙauye ya samu likita, likita ya samu zama. Har yanzu shirin ba na dindindin ba ne, sabunta shi ake yi lokaci-lokaci, shi ya sa Sanata Amy Klobuchar da wasu ke ta maimaita ƙudirin faɗaɗa shi.

Wuri na biyu lasisi, wanda a Amurka a hannun jihohi yake. A 2023 jihar Tennessee ta fara yin dokar da ta ce likitan da ya riga ya yi horon ƙwarewa a ƙasarsa, ya ci jarrabawar Amurka, ya kuma sami asibitin da zai ɗauke shi, a ba shi lasisin wucin gadi ya yi shekara biyu ana sa masa ido, sannan a ba shi cikakke. Illinois da Florida da Virginia da wasu jihohin suka biyo baya, kowace da nata sharuɗɗan. Abin da ya tura su ba tausayi ba ne. Ƙungiyar kwalejojin likitancinsu ta yi hasashen ƙarancin likitoci zai iya kai 86,000 nan da 2036. Sai dai ka gaya wa ɗan ƙanenka kada ya ɗauka an buɗe ƙofa warwar. Dokar jiha ba ta ba da biza, kuma samun asibitin da zai ɗauki nauyin sa ido shi ne wuyar aikin. Shi da yake da izinin zama, irinsa dokar ta fi amfana, don haka ya duba jihar da suke, in ta kama su ƙaura su ƙaura. Ya kuma nemi ƙungiyar likitocin Najeriya da ke can, ANPA, sun fi ni sanin inda ake ɗauka a yanzu.

Kanada na da tsarin da ake ajiye likita mako 12 a asibiti ana kallon aikinsa, in ya gamsar a tura shi yankin da ake buƙata. Jamus kan ba da izinin aiki na wucin gadi har shekara biyu kafin jarrabawar cikakken lasisi, likitocin Siriya da yawa ta nan suka shiga. Ingila ta fito da biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya a 2020, amma jarrabawar lasisinsu ta PLAB na nan daram. Ko'ina ka duba, jarrabawar ba ta tafi ba. Abin da dokokin suka taɓa shi ne zaman jira da maimaita abin da mutum ya riga ya iya.

To mu dawo gida. Mu mutanen Zazzau bai kamata mu riƙa yi wa karatun waje kallon hadarin kaji ba. Likitan farko na Arewa, Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne, a Birmingham ya yi karatu. Sai a 1967 aka buɗe sashen likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Mu da muka yi zamanin tsohon asibitin Tudun Wada, da yawan waɗanda suka koya mana riƙe wuƙa Indiyawa ne da Misirawa da 'yan Pakistan da Turawan Ingila. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa ministan lafiya a 2023, a nan ya yi digirinsa, ya je Amurka ya bi ta wannan ƙuncin da na bayyana. Saboda haka in ka ji wani yana cewa duk na waje jabu ne, ka tambaye shi wa ya koyar da malaminsa.

Amma gaskiya ɗaya ce, makarantun waje ba ɗaya ba ne. Akwai masu kyau ƙwarai, tsofaffin jami'o'in Sudan da Masar sun fitar da likitocin da na yi aiki da su na sara musu. Akwai kuma waɗanda kasuwa ce kawai, dillali ya kai yaro, a koyar da shi da Turanci, marasa lafiyan garin kuma wani harshe suke ji, ya shekara shida bai taɓa zama da majinyaci ya ɗauki tarihin ciwonsa shi kaɗai ba. Da yaƙin Yukren ya tashi a 2022 wasu makarantun suka koma koyarwa ta intanet, hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ce ba za ta karɓi wannan ba. Iyaye sun yi fushi, ni kuwa na ga daidai ta yi. Ba a koyon latsa ciki ta waya.

Wata yarinya ta taɓa zuwa ƙarƙashina horo, daga wata ƙasar Turai ta Gabas. Ranar farko a ɗakin yara na ce ta duba wani yaro ɗan shekara huɗu, idonsa ya yi rawaya, yana kuka yana riƙe da ƙafa. Uwar ta ce, "Likita, shawara ce, kuma amosanin ya motsa." Yarinyar ta juyo ta dube ni. Bahaushiya ce, amma ba ta san amosanin jini shi ne sikila ba, kuma ba ta taɓa ganin mai sikila ba sai a hoto. Na kama hannunta na ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin yaron na hagu na ce ta jira ya ja numfashi. Da saifar ta taɓo yatsunta sai da ta zabura. Da yamma kuma aka kawo takardar awon zuciyar wani dattijo, yaranmu na gida uku suna ta jujjuya ta, ita ta karanta ta tsaf cikin minti ɗaya. Bayan wata huɗu, in jijiyar jariri ta ɓace ana son ƙarin ruwa, ita nas-nas ke aikawa a kira. Ba ilimi ta rasa ba. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, tamowa, jijjigar masu ciki, saran maciji, waɗannan cututtukanmu ne, a gadon asibitinmu ake koyonsu.

Daga nan buƙatarku ta farko za ta fito, kuma ita ce uwa. Ku nemi a rubuta a doka cewa duk ɗan Najeriya da ya kammala a makarantar da hukuma ta amince da ita yana da haƙƙin zaman sanin makama na wasu watanni a asibitin koyarwa kafin jarrabawa, da manhaja sananniya, da babban likitan da aka ɗora wa alhakinsa, da kuɗinsa a cikin kasafi. Kada a bar shi ya zama sai mai hanya, ko sai wanda ubansa ya san wani. Jarrabawar tana da ɓangaren kwamfuta da na gwajin aiki, a na biyun ne yaran da ba su saba da majinyatanmu ba suka fi tuntuɓe. Yaron da ya yi wata shida yana bin zagayen safe ba zai ji tsoronta ba. In kuma ya yi ya faɗi, to jarrabawar ta yi aikinta ke nan.

Ta biyu ita ce ta ɗanka kai tsaye. Wanda ya ci jarrabawa lasisin wucin gadi ake ba shi, mai wa'adin shekara biyu, a ciki zai yi horon wata 12: wata uku-uku a ɓangaren manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Tun 2021 aka mai da rabon guraben asibitocin tarayya ta shafin hukuma, abin da ya rage roƙo da kamun ƙafa, amma bai ƙara yawan guraben ba. Wa'adin na tafiya yaro na zaune a gida. Ku nemi a ce lissafin ba zai fara ba sai ranar da aka ba shi gurbi. Ku kuma nemi a ɗaga manyan asibitocin jiha su cancanci ba da horon. Abin da ake buƙata manyan likitoci ne a fannonin nan huɗu da kayan aiki da wurin kwana. Wannan ɓangaren na gwamnatin jiha ne, Kaduna za ku nufa da shi. Jihohin Arewa da yawa sun kashe maƙudan kuɗi sun tura yara waje, ba su tanadi inda za su sauka in sun dawo ba, an yi shuka ba a gina rumbu ba.

Sai ƙananan abubuwa masu rage zargi: a riƙa nuna wa wanda ya faɗi makinsa ɓangare-ɓangare, a ba shi hanyar ɗaukaka ƙara, a sanar da ranakun jarrabawa tun farkon shekara. A kuma wajabta wa duk jihar da za ta tura ɗalibai ta sami amincewar hukuma a rubuce a kan makarantar kafin jirgi ya tashi.

Yanzu ga mutum na uku. Likitan da ba ɗan ƙasa ba, kafin ya yi aiki a nan sai asibitin ya sami gurbin ɗaukar baƙo daga ma'aikatar cikin gida, sai hukumar shige da fice ta ba shi katin zama na CERPAC, sai MDCN ta yi masa rajista. Ofis uku, kuɗi uku, jira uku. Kamfanin mai na iya wannan, babban asibitin Ikara ko na Birnin Gwari ba zai iya ba. A Maris ɗin 2024 ministan lafiya ya ce likitocin da ke ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fita cikin shekara biyar. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Ƙasa mai wannan hali, ga ƙwararrun Sudan warwatse a Masar da ƙasashen Larabawa suna neman wurin tsayawa, me zai hana mu yi namu irin cinikin Conrad? Kowace jiha a ba ta adadi a shekara, a haɗa izinin zama da rajista a taga ɗaya, likitan kuma ya yi shekara uku a inda aka tura shi. Wani zai ce ina ruwan iyayen yara da baƙi. Da ruwanku. Babban likitan yara ɗaya da na tiyata ɗaya su ne bambanci tsakanin asibitin da zai iya ɗaukar ɗanka horo da wanda ba zai iya ba. Haka ma namu da suka ƙware a waje suke son dawowa, ko na wata uku a shekara, a sauƙaƙa musu sabunta lasisi. Manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya da aka amince da ita a Agustan 2024 ta taɓo maganar dawo da su, amma manufa ba doka ba ce, gwamnati na sauyawa ana iya mantawa da ita a durowa.

Ka lura ban ce a ɗaure kowa ba. A Afrilun 2023 ƙudirin ɗan majalisa Ganiyu Johnson na Legas ya tsallake karatu na biyu, yana neman a hana likitan da ya yi karatu a gida cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar. Ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, da ta likitoci masu neman ƙwarewa suka yi masa ca. Na fahimci zafin da ya haifar da shi, amma wanda aka tsare da ƙarfi jikinsa ne kawai a asibiti. Yarjejeniya daban ce: jiha ta biya maka karatu, ka sa hannu da saninka za ka yi mata aiki, wannan bashi ne, a biya.

Game da inda za ku nufa, mu ba kamar Amurka ba ne. Lasisin likita da shige da fice duka na tarayya ne, don haka gyaran dokar likitoci da likitocin haƙori sai Abuja. A nan kun yi sa'a, kujerar Zariya a Majalisar Wakilai ita ta fitar da kakaki a Yunin 2023, Abbas Tajuddeen, kuna da ikon kai koke ofishin mazaɓa kamar kowane ɗan gari. Sai dai kada ku je da kuka kawai. Ku zauna ku tattara yaranku: nawa ne, wace makaranta, wace shekara suka gama, sau nawa suka zauna jarrabawa, wata nawa suka yi suna jira. Shafi biyu ya isa. Ku sami lauya ya rubuta muku gyaran sashe-sashe, don 'yan majalisa sun fi saurin ɗaukar abin da aka riga aka dafa. Kafin ku tafi ku zauna da reshen NMA da manyan likitocin koyarwa, ku bari su soki takardar son ransu, gara a soke ta a Zariya da a soke ta a zauren jin ra'ayin jama'a. Ku kuma tafi da wanda abin ya fi shafa, hakimi ko shugabar mata daga garin da mai naƙuda ke yin awa biyu a mota kafin ta ga likita. In uba ya yi magana za a ce ɗansa yake wa yaƙi. In ita ta yi, ba mai wannan bakin.

Ɗanka kuma kada ya zauna a gida yana duba waya. Hannu na mantuwa. Ya nemi izini a rubuce daga wani babban likita ya riƙa bin zagaye yana kallo, ba tare da ya rubuta magani ko ya yi wa kowa aiki shi kaɗai ba. Kada kuma ya yarda wani asibitin kuɗi ya ajiye shi shi ɗaya da dare da sunan taimako, in abu ya ɓaci sunansa ne zai ɓaci tun bai fara ba. In gurbi ya fito a Gombe ko Lokoja ko Abakaliki ya ɗauki jakarsa ya tafi, kada ya tsaya jiran Shika. Ya duba ranar da ke kan lasisinsa yau, in wa'adin ya kusa ya rubuta wa hukuma tun yanzu, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.